Keken Ɗinkin da Ya Kashe Wutar Bayan Layi

Mahaifina bai taɓa yar da komai ba, shi ya sa mutanen layinmu suke kiransa Baba Ajiye. Ƙusa ta lanƙwashe, a ajiye. Mariƙin buta ya karye, a ajiye, wata rana zai yi amfani. Sana'arsa ma ta dace da halinsa: sayen tsofaffin ƙarafa da matattun wayoyin lantarki. Abin da ake nema a cikin wayar shi ne jan ƙarfen da ke tsakiya, robar da ta lulluɓe shi kuwa babu mai ta tata.

Yadda masu wannan sana'a suka gaji fitar da shi ke nan: a tara wayoyi tsibi a filin da ke bayan layi, a ɗora tsohuwar taya, a watsa kananzir, a ƙyasta ashana. Su goma sha ɗaya ne masu wannan aiki, kowa da wutarsa. Kafin azahar hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, mai ɗaci a maƙogwaro. In an yi ruwa, na farkon da ke zubowa daga rufin kwano kamar an wanke gindin tukunya yake. Na taɓa yi masa magana da na fara koyarwa, kaina cike da karatun ɗumamar yanayi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malama, sama fa tana da faɗi. Ɗan hayaƙina ne zai cika ta?"

Sama ba ta cika ba tukuna, ƙirjin mahaifiyata ne ya fara cika.

Inna tela ce, kuma Allah ya yi mata baki. Takan yi wa Baba faɗa tun daga ƙofar ɗaki har bakin titi ba ta tsaya shan iska ba, shi kuwa yana tafe yana murmushi, don ya san rabin faɗan ƙauna ce. Sannu a hankali faɗan ya fara guntulewa. Sai ta ce "Malam, wannan tarkacen..." tari ya sarƙe ta, ta ɗaga hannu ta bar zancen. Daga baya taka keken ɗinki ma ya gagara, aka lulluɓe shi da tsohon zane aka tura lungu. Gidan ya yi tsit, kuma ban taɓa jin shirun da na tsana kamar wannan ba.

Likitar da ta duba ta ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ba da abin shaƙa, sannan ta ce magani ba zai yi aiki ba muddin tana zuƙar hayaƙin roba kullum. Ko hayaƙin ya bar unguwar, ko ita ta bar ta. Da labari ya kai kunnen Kawu, yayan Inna da ke can wani gari mai nisa, sai ya bugo waya ya yanke hukunci: nan da wata biyu zai zo da mota ya ɗauke ƙanwarsa.

Shekara talatin da ɗaya da aurensu, Baba bai taɓa kwana uku ba tare da an yi masa faɗa ba. Ranar ya zauna a bakin ƙofa ya zuba wa filin ido. Ba wanda ya ce masa wutarsa ce ta fi kusa da tagar Inna. Ya sani.

Washegari bai kunna wuta ba. Ya ɗauki reza ya zauna yana feɗe waya da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Zuwa la'asar ya samu abin da bai cika tafin hannu biyu ba, da yanka huɗu a yatsu. Abokan aikinsa suka zo kallo. Babbansu, wanda ake kira Mai Ashana don shi ke fara kunna wuta kullum, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Ajiye, in ka gama wannan buhun ka aiko jikokinka su gaya mana."

A mako na biyu ne idonsa ya faɗa kan keken Inna. Ina dawowa daga makaranta na tarar ya fito da shi tsakar gida, ya cire allura, ya ɗaure tsinin reza a gurbinta, ya kawo wasu 'yan ƙarafa daga cikin tarkacen shekara ashirin ya yi wa waya hanyar bi. Na ce yau za a yi ta. Inna tana kan tabarma tana kallonsa, idanunta kaɗai ke faɗan.

Abin ya ƙi. Baba mutumin guduma ne, komai da ƙarfi ya saba. Sai ya taka keken kamar mai korar ɓarawo, ya riƙa danna wayar ciki da hannu biyu. Reza ta gutsuttsura roba da jan ƙarfen gaba ɗaya, ko ta karye. Kwana tara yana wannan fama. Ya karya reza ta fi talatin, kuma ko karyayyun bai yar ba.

A rana ta goma Inna ta yafito shi da hannu. Ya durƙusa kusa da ita, don muryarta ba ta nisa.

"Malam," ta ce, ta huta. "Ba a tura yadi." Ta sake hutawa. "Keke ne ke jan abinsa. Kai riƙe kawai."

Ta nuna masa 'yan haƙoran da ke ƙarƙashin allura, masu jan yadi da kansu, waɗanda shi ya toshe da ƙarfe don bai san amfaninsu ba. Ta sa ya buɗe su, ya sassauta reza har ta tsaya daidai kaurin roba. Sannan ta ɗora tafinta a kan gwiwarsa tana ba shi lokacin takawa, a hankali, yadda take koya wa sababbin 'yan ɗinki.

Wayar ta shiga da kanta. Ta ɗaya gefen roba ta dare biyu, jan ƙarfe ya zamo waje yana sheƙi, ja wur, babu ko ɗigon toka. Baba ya yi wata irin kabbara da ta sa kajin maƙwabta tashi.

Amma wutarsa ɗaya ce cikin goma sha ɗaya. Bai yi wa kowa wa'azi ba, ya san mutanensa. Ya ɗora keken a baro ya kai tsakiyar filin, ya ce da Mai Ashana su raba buhu ɗaya biyu, kowa ya yi irin nasa. Mai Ashana ya riga shi gamawa, gaskiya ce. Sai dai da dillalin da ke saye ya iso, ya tsallake baƙin tsibin ko kallo bai yi masa ba, ya tsuguna gaban na Baba yana shafawa. Har robar ya tambaya, wai akwai masu narka ta su yi bokiti. Gani ya kori ji.

Cikin makonni uku babu mataccen keken ɗinki da ya rage a shagunan gyara na yankin. Baba ne ke haɗawa, amma kowa sai ya zo gaban Inna ya koyi taku. Ƙarti masu hannu kamar faranti suna zaune a ladabce, tana buga musu gwiwa in sun yi gaggawa. Mai Ashana ne ya zo ƙarshe, yana sosa ƙeya.

"Hajiya, a yi haƙuri da mu. Ba mu san abin ya kai haka ba."

"Zauna," ta ce. "Cire takalmin."

Ranar da Kawu ya zo, tun daga bakin layi ya fara neman hayaƙin da aka ba shi labari. Sai ƙarar kekuna goma sha ɗaya, da filin da ciyawa ta fara tsirowa a gefen tsohuwar toka. Ya shigo ya tarar da Inna a tsaye tana shanya farin zanen gado, abin da ta shekara biyar ba ta yi a waje ba. Ba ta warke sarai ba, abin shaƙarta na ɗaure a bakin zaninta har yau.

"To, ina kayanki?" in ji Kawu.

"Yaya, sannu da hanya, amma ba inda za ni," ta ce. Sannan ta juya kan Baba. "Kai kuma Malam, tunda ga yayana a shaida, keken nan da ka lalata mini, wanda na saya tun kafin a haifi yarinyar nan, ka cire masa allura ka cusa masa reza ka yawata da shi a baro kamar kayan bola, ka kuma tara mini ƙarti a tsakar gida suna take mini tabarma, yaushe za ka kawo mini wani, ko shi ma ajiye shi ka yi?"

Da numfashi ɗaya ta faɗe shi, na lura, Baba ma ya lura. Yana tsaye da karyayyar reza a hannu, hawaye na bin gemunsa.

"Ƙara faɗa, Tela," ya ce. "Ban ji da kyau ba."