Furar da Aka Gasa a Perry Barr

Kafin tsofaffin gidan kula da dattawa na unguwar Perry Barr, a nan ƙasar Turawa, su farka, Anti Goodness mai girkin gidan ta riga ta sauko daga bas, ta ɗaura gyalen aiki, ta zauna gaban kwandon plum, ɗan itacen nan mai ƙwallo a ciki kamar ɗinya. Ɗaya bayan ɗaya take tsaga su tana zare ƙwallon, ta kuma bi da yatsa ta laluba, don ta san haƙoran masu ci sun daɗe da yin ritaya. Sai ta murza fulawa da man shanu da sukari, ta barbaɗa a kai, ta tura oven. Turawa crumble suke ce masa, kuma bayan abincin dare suke ci. Ita ta mayar da shi karin kumallo, ba ta nemi izinin kowa ba.

A wannan watan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Dokta Abdulmuhaimin ba zai manta da ita ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Latifa, ta zo gidan ne bayan ɓarin jikinta ya shanye, ta kuma rufe baki gam. Duk abin da aka kawo sai ta kawar da kai. Ta rame har zobenta yana zamewa, likitan da ke duba ta ya ce idan aka ci gaba a haka, sai an zura mata robar abinci ta hanci. Hajiya ta ji, hawaye suka zubo mata.

Goodness mutuniyar Kafanchan ce. Ta durƙusa gefen gadon, ta gaishe ta da Hausa, ta tambaye ta me take karyawa da shi a gida. Da ƙyar tsohuwar ta ce fura.

Washegari Goodness ta zo da garin gero daga shagon 'yan Afirka. Ta bar fulawa, ta murza geron da man shanu, ta zuba citta da kanumfari, ta ɓare bawon plum ɗin, ta gasa har ya yi laushi tiɓis. Ta kwarara masa yogot ya jiƙu, ta nuna wa nas, sannan ta kai ɗakin da kanta.

Hajiya ta shinshina, ta karɓi cokali ɗaya, ta daɗe tana juya shi a baki.

"Wa ya dama furar nan? Sukari ya yi yawa."

"Sorry, Mama. Gobe zan rage."

Ta cinye kwanon tas. Ba a sa robar ba.

Ke ce kika yi wannan, Goodness, uwar masu furfura. Ba a rubuta shi cikin aikinki ba, ba wanda ya ƙara miki komai a kai. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muke da tsofaffi a ƙasar nan, mu riƙa durƙusawa muna tambayarsu abin da bakinsu ke kewa.

Ranar da aka gaya wa Hajiya cewa Goodness za ta tafi, ta kama hannunta da hannun da ke motsi, ta ƙi saki.

"'Yata, to wa zan riƙa yi wa faɗa da safe?"