Amsar da Na Bayar a Gaban Surukata

Matata ba ta zo gidana da ƙiba ba. Shekarun da na yi ina noma a gonar mahaifinta kafin a ba ni ita, kamar yadda ake yi a wajenmu, siririya ce. Da na kafa injin niƙa a Rikoto abinci ya wadata, ta fara cika. In abokai sun ce, "Kai, madam ta samu wuri," sai in yi dariya in ƙara sayo mata tsire da lemo. Sau biyu aka ce mata a asibiti ta rage jiki, ni na hana. Na ce ƙibar mace mutuncin mijinta ce. Wannan laifina ne, amma ba shi ne babba ba.

Daga baya aka gano tana da ƙari a mahaifa, jini ya ƙi tsayawa, aka ce sai an yi aiki. Ana gobe za a yi, da hantsi, mahaifiyarta ta iso daga Danko ta shimfiɗa tabarma a gefen gado. Sai ga ma'aikacin da zai yi wa matata allurar kashe jiki, wadda ake yi a gadon baya don daga ciki zuwa ƙafafu su mutu mutum yana farke. Ya sa ta zauna ta sunkuya, ya yi ta danna bayanta da babban yatsa.

"Mama, ina kika ɓoye ƙashin bayan nan? Na laluba ban same shi ba."

"Tambayi maigida," in ji ta tana dariya, "shi ya binne shi da tsire."

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce in kitse ya rufe ƙashi, sai an sha wuya kafin allura ta sami hanya. Kuma a jikin mai ƙiba maganin yana iya hawa sama fiye da inda ake so, har ya takura numfashi. Sannan ya juyo gare ni.

"Maigida, kai za ka fi kowa sani. Tana minshari? Numfashinta yana ɗaukewa in tana barci?"

Na sani sarai. Shekara da shekaru takan yi minshari, sai ta yi tsit kamar an shaƙe ta, sai na girgiza ta numfashin ya dawo. Ita ba ta sani ba, mai barci ba ya jin kansa. Amma ga surukata zaune kusa da ƙafata. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, balle in buɗe baki in faɗi abin da ke nuna shimfiɗarmu ɗaya. Na sunkuyar da kai.

"Lafiya lau take barci."

Ya rubuta, ya fita. Ta taga na hango shi yana wanke hannu a bakin famfo, shi kaɗai. Taku goma ne tsakaninmu. Na ce a raina bari sai da safe. Da safe kuwa ko da na zo ya riga ya shiga ɗakin aiki.

Abin da ya faru a ciki shi ya faɗa mini da bakinsa, yana tsaye gumi ya jiƙa masa riga. Tumbinta ya hana ta lanƙwasawa sosai, sai a karo na uku allura ta shiga. Maganin ya hau har ƙirji, ta ji kamar an ɗora mata dutse, ta firgita tana fizge-fizge. Ya ba ta ɗan maganin barci don ta natsu. Tana yin barci maƙogwaronta ya toshe, kamar yadda yake yi a gida. Suka nemi zura mata bututun numfashi, kaurin wuyanta ya ba su wahala. Kafin su samu, ƙwaƙwalwarta ta daɗe babu iska.

"Da na san numfashinta yana ɗaukewa, da ban ba ta maganin barcin nan ba," in ji shi. "Ya kamata a ce na yi zaton haka. Ka yafe mini, maigida."

Shi yake roƙona gafara. Na ce masa haka Allah ya so. Karo na biyu ke nan da na rufe bakina.

Matata tana raye. Tana zama in an zaunar da ita, tana haɗiye kunu in an ba ta da cokali. Ba ta kiran sunan 'ya'yanta, ban san ko tana gane su ba. Surukata ta bar gonarta ta tare a gidana tana jinya. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ta yi dacen suruki, da wani ne da tuni ya gudu. Ina jin ta daga zaure.

Bara na yi ƙarfin hali na koma asibitin don in faɗa wa mutumin nan gaskiya, ko ya sauke abin da yake ɗauke da shi. Aka ce an yi masa canjin wurin aiki, babu wanda ya tabbatar mini da garin. Yana can wani wuri yana ganin shi ya yi.