Kwalin Sabulun da Yaya Ta Zana Don a Ƙi Shi

Yayata ba ta iya ganin abu mai amfani ta yi shiru. Tun da ta bar aiki a gidan buga takardu ta ce za ta ci gashin kanta da zane, wayata ba ta huta ba. Yau ta turo mini shafin intanet da ake samun hotuna kyauta da izinin masu su, gobe wanda ake sauke haruffa masu kyau, jibi bidiyon wani bawan Allah yana koyar da yadda ake magana da mai ba da aiki. Ni kalaman talla nake rubuta wa mutane, amma ban tsira ba. "Ke, kada ki ɗora biro sai an gaya miki wa zai karanta," haka za ta ce, kamar ita ta koya mini rubutu. Abin haushin shi ne yawanci gaskiyarta ce.

Ofishinta kusurwar falo ne, tsakanin firji da taga. Teburin ƙafarsa ɗaya ta gaza, an tokare ta da murfin kwalba. Labulen kullum a sake, wai hasken rana yana sa launi ya yi mata ƙarya a fuskar kwamfuta. Idan ta ɗaura ɗankwali ta baya ta sa tabarau, har maigidanta ya san ba a tambayarta inda mukulli yake.

Aiki tana samu, amma duk katin gayyata ne da takardun sanarwa, irin waɗanda ake karantawa a jefar. Burinta ɗaya ne: ta yi aikin da za ta shiga kanti ta nuna da yatsa ta ce ni na yi, wanda zai jawo mata wasu ayyukan.

Sai ga Hajiya mai sabulu. Mace ce da ta daɗe tana haɗa sabulun wanka a bayan gidanta, kuma manyan kantuna sun yarda su karɓa idan ta sa shi a kwali. Ranar da Yaya ta samu aikin, a tsaye ta kira ni, ina jin tana zagaye falo. "Ƙanwata, ta samu! Ke za ki rubuta kalaman, ki zo yanzu, ko fuska kada ki wanke!"

Kwalin da ta zana, wallahi ya haɗu. Fari tas, siririn ganye ɗaya, sunan sabulun da ƙananan haruffa masu natsuwa. Da ta tsaya a nan, da babu labari. Amma akwai dabarar da ta ji masu zane suna yaɗawa: wai kada ka nuna wa mai aiki zane ɗaya, ka haɗa da mummuna a gefe don mai kyau ya haska. Sai ta zauna ta ɓata wani da gangan. Rawaya mai hawa kai, haruffa manya-manya, a tsakiya kuma ta zana wani tsohon daro da muciya a ciki. Hannunta ya goce bakin daron ya lotsa, ta ce a bar shi haka, ya ƙara muni. Muka yi dariya har da riƙe ciki.

A ɗakin aikin Hajiya muka kai mata. Ƙamshi ya cika ko'ina, sabulu jere a kan katako yana shan iska. Yaya ta miƙa farin, tana murmushin wadda ta gama cin jarrabawa.

"Ma sha Allah, ya yi kyau," in ji Hajiya. Ta ajiye, ta ɗauki rawayan. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan nake so, 'yata."

"Hajiya, ki ƙara duba farin dai."

"Na duba. Wannan za a buga."

A hanya na yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. Yaya kuwa ta yi tsuru-tsuru. Idan aka buga rawayan, sunanta na bayan kwalin, kuma duk mai neman mai zane zai gan shi a kanti ya san wadda zai guje wa. Idan ta ƙi, aikin ya tafi. Na ce mata ta cire sunanta kawai ta miƙa, wa ya sani? Ta harare ni. "In cire sunana daga aikin da na yi shekaru ina jira?"

Washegari da safe ta ja ni muka koma. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Hajiya, ki yafe mini. Wancan rawayan da gangan na ɓata shi, don ki zaɓi farin."

Fuskar Hajiya ta canza. "Wato wayo kika yi mini."

"Shi na yi, Hajiya."

Na fara laluben jakata, don na tabbata korarmu za a yi. Sai Hajiya ta tashi ta shiga wani ɗan ɗaki, muka ji ana jan ƙarfe a kan siminti. Ta fito da wani tsohon daro, fentinsa duk ya ɓare, bakinsa a lotse ta gefe ɗaya.

"Kina zaton ban ga launin nan yana sa ciwon kai ba? Ba launin na kalla ba. Wannan na Innata ne, a ciki ta koya mini sana'ar nan. Nan da ya lotsa, nan take buga muciya ta kakkaɓe. Da na gan shi a takardarki, sai na ce Allah ne ya nuna wa yarinyar nan."

Yaya ta durƙusa gaban daron kamar ta ga zinariya. Ta shafa lotsawar, ta fito da waya tana ɗauka ta sama, ta gefe, ta ƙasa. Tambaya kuwa kamar 'yar jarida: wane launi ne fentin da yana sabo? Ta yaya Inna take naɗe sabulun? Wa ke saye? Hajiya tun tana amsawa a daƙile har ta saki jiki, ta sa aka kawo mana shayi. Ni ma na buɗe kunne, don kalaman da na rubuta tun farko, "tsafta da ƙamshi", kunyarsu ta kama ni.

"Duk shafukan da na tara, babu mai daron nan," Yaya ta ce da muka fito, idonta yana walƙiya. "Na tambayi matar nan girman kwali da yawan da za a buga, ban tambaye ta ita wace ce ba!"

Sabon kwalin ya fito da rawaya mai laushi irin na asalin fentin, daron a tsakiya an zana shi da kulawa, lotsawar tana nan daram. A ƙasa na rubuta: "Yadda Inna ta koya mana." Yaya da ƙafarta ta je gidan bugawa, ta tsaya sai da aka fitar da gwaji ɗaya ta ga launin a kan takarda, ta kuma tabbatar an bar gefe don kada wuƙar yanka ta ci rubutu.

Ranar da kayan suka hau kanta, mu uku muka je babban kantin. Yaya ce ta fara hangowa, ta yi wata ƙara da ta sa mai gadi ya leƙo. Ga su nan reras, layi guda cur, suna ɗaukar ido tun daga ƙofa. Ta riƙe hannuna tana girgizawa, baki har kunne. Farin ciki ya cika ni har na rasa abin tsokana.

Hajiya ba ta yi ihu ba. Ta ce mana mahaifiyarta ta taɓa kai sabulunta wani kanti a faranti, aka ce ta fita da shi, ba irin na nan ba ne, kuma har ta rasu a ƙofar gida take sayarwa. Ta ɗauki kwali ɗaya, ta ɗora babban yatsanta a kan bakin daron.

"Inna," ta ce a hankali, "kin shigo."