Ƙarfen da Ke Cinyar Baba

Mahaifina mai gyaran sifirin ɗin manyan motoci ne, ƙarafan nan da ke ɗauke nauyin kaya a kan tayoyi. Rumfarsa tana Magama, daidai inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran kwastan su sake su su shiga Nijar. Tun kafin a haife ni yake kwanciya a ƙarƙashin tirela, bai taɓa ko ƙwarzanewar kirki ba, sai ranar da jak ya zame, mota ta sauko masa a cinyar dama. Ƙashin ya karye.

Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina koyar da fiziks a wata sakandare. Da aka kai shi asibiti a Katsina, yayana ya tura ni gaba, ya ce, "Kai ne mai turancin, je ka jiyo mana."

Likitan ya nuna mini abin da za su ɗaura wa ƙashin: ƙarfe siriri, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, da huji a jere inda ƙusoshi za su shiga. Iri biyu ne, in ban manta ba, ɗaya ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗayan titaniyam, wanda ya fi sauƙin nauyi kuma yake ɗan lanƙwasa kusa da yadda ƙashi ke yi. An zaɓe su ne don gishirin da ke jikin mutum ba ya cin su. Na tambaye shi me ya sa ba za a sa mai kauri ba, ko da yake ina jin na san amsar. Ya ce ƙashi abu ne mai rai, nauyi ne ke gina shi. Idan ƙarfen ya cika tauri, sai ya ƙwace nauyin duka, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi ta ramewa. Don haka da gangan ake yin sa siriri. Ba a ƙera shi don ya ɗauki mutum ba, aikinsa ya riƙe ƙashin kafin ya haɗe.

"Kada ya taka ƙafar sai na gani a hoto ta haɗe," in ji likitan. "Ka gane dalili?"

Na gane. Ko waya ka yi ta lanƙwasawa gaba da baya, tun tana jurewa har ta tsinke. Kowane taku lanƙwasa ɗaya ne.

Bayan an sallame mu, Baba ya tambaye ni, "Mi suka sa mini ciki?"

"Ƙarfe ne, Baba, irin wanda ba ya tsatsa."

"To, ni da ƙarfe ai ba baƙin juna ba ne."

Sati shida ya yi a kan tabarma, direbobin Maraɗi suna ta aiko masa da saƙo cewa kamiyo, wato babbar motar kaya, na tsaye ba mai taɓa shi sai shi. Ciwo ya lafa. Wata Asabar na je rumfar, na tarar da shi a tsaye, sandunan asibiti a jingine da bango, yana jan ganyen sifirin guda zuwa bakin wuta. Direbobi uku na zaune a benci.

Na gaishe shi, na tsuguna, na ce, "Baba, ina ganin wataƙila zai fi kyau ku ɗan ƙara haƙuri. Ana cewa ƙarfe yakan gaji, ko da yake ya danganta."

"Da mi?"

"Da nauyi, da yawan takawa. Ba zan dai iya cewa ga ranar ba."

"Ku ji malamin makaranta," ya ce da direbobin. "Wai ƙarfe na gajiya. Jaki ne?"

Suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Alhaji, ai kai yanzu rabin mota ne, sai dai a yi maka takardar shiga."

Ni ma na yi murmushi. Wannan murmushin ne har yau yake ci mini rai. A bayan Baba akwai tarin karyayyun sifirin da ya kai ƙugu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da kaya ɗaya ya karya. Hanyar Jibiya ce ta cinye su, rami bayan rami, a hankali. Shi da kansa ya sha nuna wa direbobi ɗan tsagin da ke fara fitowa kusa da huji. Da na miƙa hannu na ce irin wancan ne a cinyarku, na yi imani da ya zauna. Amma ban saba musa masa a gaban mutane ba, kuma a jami'a an hore mu kada mu tabbatar da abin da ba mu auna ba. Sai na riƙe ladabi da ƙa'ida, na koma gida.

Bai kai wata ba, yana dawowa daga sallar la'asar, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. A hoto, ƙarfen ya rabu daidai kan hujin tsakiya, ƙashin kuwa bai taɓa haɗewa ba. Aka sake aiki. Wannan karon sai da aka yanke wani abu daga ƙashin, ƙafar ta dawo gajera.

A barandar asibiti yayana ya ce, "Kai da ka sani, mi ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa, Yaya."

"Ka ce wataƙila. Wa ke ajiye sana'arsa don wataƙila?"

Na so in ce likita ma ya faɗa, kuma babba ba ya jin maganar ɗansa. Ƙila gaskiya ne. Amma ni aka tura in jiyo, kuma abin da na kawo gida bai kai abin da aka ba ni ba.

Yanzu wani ne ke aiki a rumfar. Baba yakan sa a kai shi a kan babur, ya zauna a benci tare da direbobi, ƙafar a miƙe. Idan sabon mai gyaran ya shiga ƙarƙashin mota, yakan leƙa ya ce a ƙara wa jak ɗin katako. Ba kullum ake jin sa ba.