Masoyin Ostiriya Tun Yana Yaro

Kubra tana raba lemo a lambun otal ɗin da ake bikin ranar ƙasar Ostiriya, amma idonta na kan wani mutum. Hannun kwat ɗinsa ya haɗiye masa yatsu, jar lakar unguwar Lugbe na manne da takalminsa, ambulan ɗin neman biza na matse a hammata.

Mai jawabi yana bayanin yadda sojojin ƙetare suka fice a 1955, ƙasar ta rantse ba ruwanta da faɗan kowa. Mutumin ya fi kowa tafi, har inda ba a tafawa. An saki gogen Turawa, ya lumshe ido, sai ka rantse da shi aka yaye shi.

Ga shi nan ya cafke hannun wani Bature.

"Oga, tun ina yaro nake son ƙasarku. Musamman kangaru!"

Kubra ta cije leɓe. Ko ita ta san kangaru na Ostireliya ne.

Baturen bai gyara masa ba, bai kuma karɓi ambulan ɗin ba. Murmushi kawai ya yi, irin na mutanen da suka shekara saba'in suna gwanancewa a ba-ruwanmu.