Ciyayyar Ƙofar Gidan Yaya Sule

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa a Kazaure. Duk shekara nakan rubuta wani abu a kansa a wannan fili, in yabe shi, in ce gurbinsa ba zai cike ba. Bana hannuna ya ƙi rubuta wannan magana.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin dabbobi ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur tsakanin Roni da Gwiwa da rugagen Yankwashi, yana yi wa shanu allura. Da ya yi ritaya ya ɗauka aiki zai tsaya cik. Ya daɗe yana shirin safe, ya kafa hula, ya goge babur, ya zauna a zaure ko za a aiko a tambaye shi wani abu. Ba a aiko ba. Wata ranar kasuwar Gwiwa ya leƙa kara, Fulanin da ya sani tun suna yara suka durƙusa suka gaishe shi, suka cika masa gora da nono, sannan suka ja saniyarsu mara lafiya suka wuce shi zuwa wurin sabon malami. Ya dawo gida, daga ranar ya daina goge babur.

Sai ya mayar da ƙarfinsa kan ciyayya. Bayan magariba magidantan layinmu kowa yakan fito da kwanon tuwonsa, a haɗu a ci tare, Yaya kuwa ya ja ta zuwa ƙofarsa. Ya sayi tabarmi, ya kafa randa. Shi ke cewa wane kwano za a fara buɗewa, shi ke tsokanar wanda miyar gidansa ta yi ruwa. Ya taɓa ce mini, “Habu, ofis nasu ne, sun karɓi abinsu. Nan kuwa sai in ga mai yi mini ritaya.”

Ranar addu'ar uku na miƙe a gaban mutane na yi alkawarin ciyayya ba za ta bar ƙofar nan ba muddin ina numfashi. Kowa ya ce madalla. Matarsa, Hajiya Balaraba, ta ci gaba da fito da kwanonsa, ni ina shimfiɗa.

Ba wanda ya yi mana rigima. Mutane dai suka riƙa zamewa. Malam Idi tela gwiwoyinsa suka daina yarda da zaman ƙasa. Likita ya raba wani da tuwo. Wasu suka bi Yaya. Sannan Alhaji Nasiru, wanda ya sayi gidan ƙarshen layi, ya sa fitilar sola da benci mai jingina a ƙofarsa, kwanuka suka fara tafiya can ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai kyau. Na yi fushi, na yi gori, na gaji. Da daminar bana ni kaɗai na rage, ni da kwano biyu da sauro.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo ya gani. Na tabbata da kushe benci zai fara, ya ce ba a cin tuwo ƙafa na lilo. Bayan wannan ban san abin da zai ƙara ba, don shi ma ya ga irin haka da idonsa. Ni kaina bara na ajiye alli bayan shekaru ina koyarwa a Babura, kuma washegari an buga ƙararrawa a kan lokaci, yara sun shiga aji.

Hajiya ce ta kawo ƙarshen abin. Wata yamma na je karɓar kwano, ta tsaya a bakin zaure ta ƙi sakinsa.

“Malam Habu, wai kai ba ka gajiya?”

Na ce, “Alkawari na ɗauka, Hajiya.”

Ta ce, “Kai ka ɗauka, ni nake tuƙawa. Kullum tuwon nan dawo mini yake a sandare, da safe in yi ɗumame. Ni na yi takabata na fita tuntuni, kai ne har yau ba ka fita ba. Don Allah ka kai shi inda masu ci suke.”

Na karɓa na taka zuwa ƙarshen layi, kunya ta cika ni, ina shirya abin da zan ce in an tambaye ni. Ba wanda ya tambaya. Malam Idi ya matsa mini, aka miƙo buta, hira ta ci gaba a kan tsadar taki. Wani sabon maƙwabci ya buɗe kwanon, ya ɗanɗana miyar kukar, ya tambayi ta gidan wa ce. Aka ce ta gidan marigayi Malam Sule. Ya ce bai san shi ba, Allah ya jiƙansa, ya ƙara loma.

Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Abin da ya rage wa Yaya a layin da ya riƙe ke nan, sunan gida da addu'ar mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Da can da na ce ya yi kaɗan. Yanzu da nake zaune a gida ba mai aikowa nemana, ina roƙon Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ni ko da kwatankwacin haka.

Na mayar wa Hajiya kwanon wayam. Ta buɗe ta leƙa ciki, sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce gobe sai ta ƙara gari.