Shamuwar Inna ba ta da adireshi

Ina tsaye ƙarƙashin tsamiyar gidanmu a Kankiya, na ɗaga waya ina ɗaukar hoton shamuwar da ta dawo sheƙarta, sai Inna ta leƙo daga madafa.

"Kai kuma mi kake yi mata?"

Na ce wani zaure ne a Facebook, masu binciken tsuntsayen cikin gari suka buɗe shi. Duk wanda ya ga tsuntsu sai ya tura hoto, ya saka daidai inda ya gan shi.

"Wato har ƙofar gida?"

Na ce eh.

Ta ajiye muciya. "Tun kana goye shamuwa ke sauka nan, ita ke gaya mana damina ta kusa. Yanzu da ta yi ƙwai za ka nuna wa duniya makwancinta? Ka san duk waɗanda ke cikin wayar nan? In da masu kamawa su kai kasuwa fa?"

Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Na tura hoton, na rubuta Kankiya kawai. Masu binciken suka ce ya wadatar.

Ga shamuwar can tana gyaran sheƙa, Inna ta koma kan tuwonta.

Baƙon da ya yarda da inuwarka amana ne. Ku wa ke sauka a bishiyar gidanku?